Lokacin Sare Itace da Ajiyar Sinadarin Kabon a Dazukan Fagam da Kewaye

Yankin Fagam, a Ƙaramar Hukumar Gwaram, tare da maƙwabciyarta Birnin Kudu, yana cikin sassan Jihar Jigawa da suka fi samun ruwan sama da yawan itatuwa, idan aka kwatanta da wurare irin su Maigatari da Birniwa a arewacin jihar. A nan ana samun marke, kirya, kaɗanya, ɗorawa, tsamiya da maɗaci, ban da sabara da kalgo da ke cikin gonaki. Daga waɗannan itatuwa ne jama'armu ke samun makamashi, gawayi, turmi da kayan rufin ɗaki. Mun shirya wannan bayani ne domin manoma, masu sana'ar itace, dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi, a kan abu guda da ba a cika kula da shi ba, wato lokacin da ake sare itacen.

Mene ne kabon?

Kabon sinadari ne da ke cikin iskar da ke fita idan an ƙona itace ko man fetur. Taruwar wannan iska a sararin samaniya ita ce babban dalilin ɗumamar duniya da sauyin yanayi. Itace mai rai yana zuƙar iskar ta ganyensa, ya mayar da ita jikinsa, har kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Idan aka ƙona kilo 1 na busasshen itace, kimanin kilo 1.8 na wannan iska ne ke komawa sama. Ke nan kowace bishiya tamkar rumbu ce, kuma saiwoyinta ma rumbu ne na biyu a ƙarƙashin ƙasa.

Shekarun itace

A ƙasashen arewacin duniya kamar Finlan, Suwidin da Kanada, inda katako ke cikin manyan hanyoyin samun kuɗin shiga, akan bar daji ya yi shekara 60 zuwa 100, ko fiye, kafin a sare shi. Masana a can sun nuna cewa idan aka ƙara tazara tsakanin sara da sara, kabon da dajin ke riƙe da shi yana ƙaruwa. Haka kuma a shekarar 2014 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da aka yi a kan itatuwa iri 403, wanda ya nuna cewa a mafi yawansu, babbar bishiya ta fi ƙarama ƙara nauyi a kowace shekara.

Dazukanmu ba irin nasu ba ne, amma hukuncin ɗaya ne. Kiryar da aka sare tana kaurin hannu, an katse ta ne daidai lokacin da ta fara tara abin kirki. Ita kuwa tsohuwar kirya da aka kayar domin gawayi, abin da ta tara cikin shekaru da dama yakan tashi cikin 'yan kwanaki, domin a irin turarin gargajiya da ake rufewa da ƙasa, sai an ci kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo 1 na gawayi. Akasin haka, giginyar da ta tsufa aka tsaga ta aka yi azara, kabon ɗinta yana nan a rufin soro muddin ginin na tsaye. Saboda haka ba mu ce kada a sare itace ba, domin ko wanda ya mutu ya ruɓe a daji yana sakin nasa a hankali. Abin dubawa shi ne shekarunsa da kuma aikin da za a yi da shi.

Wane lokaci a shekara?

A nan ne muke ganin an fi yin kuskure. Yawancin itatuwanmu suna zubar da ganye da rani, bayan sun tara abinci a saiwoyinsu. Idan aka sare marke ko sabara a wannan lokaci, aka bar kututturen da ransa, da zarar damina ta kusa sai ya yi toho da ƙarfin abin da ke ajiye. Amma idan aka jira har itacen ya kashe ajiyarsa wajen fitar da sabon ganye a farkon damina, sannan aka kai masa gatari, tohon yakan fito da rauni, wani kututturen ma ya mutu. Mutuwar kututture kuwa asara biyu ce: babu sabon itace, sannan saiwoyin su ruɓe, kabon da ke cikinsu ya fice. Wannan ne ya sa cinna wuta a gindin bishiya, ko ɓare ɓawonta zagaye domin ta bushe a kira ta matacciya, ya fi sara da gatari muni.

Har ila yau, ɗanyen itace na damina kusan rabinsa ruwa ne. Uwargida za ta ƙona mai yawa, ta sha hayaƙi, kafin tuwo ya nuna.

Gawo shi ne ya saɓa wa sauran, domin da rani yake ganye, da damina ya zubar. Makiyaya na sassabe rassansa da bazara saboda dabbobi, kuma ba mu ga laifin hakan ba idan an rage wasu rassan, aka kuma bar bishiyar ta huta kafin a sake hawanta. Aske ta ƙwal kowace shekara shi ne ke kashe ta.

Sai batun gobarar daji. Wutar da ta tashi a ƙarshen rani, daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe ƙarau, ta fi ta farkon kaka zafi nesa ba kusa ba, kuma ita ce ke cinye sabon toho. Wurin da aka yi sara a bana yana buƙatar kariya daga wuta da awaki a shekarun farko.

Abin da maƙwabta suka gwada

A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarar 1983, manoma suka soma abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a share gona tas, sai a zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture a bar su su girma, a datse sauran a yi makamashi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, ba tare da dasa su ba. A Burkina Faso kuma, akwai dazukan da aka raba kashi-kashi, ana sarar wani ɓangare na itacen kashi ɗaya a shekara, ba a komawa kansa sai bayan shekara 15 zuwa 20. A ganinmu, dajin gari ko na unguwa a ƙasar Fagam, Farin Dutse ko Basirka zai iya ɗaukar irin wannan tsari, idan dagaci da masu sara suka zauna suka amince da iyakokin kowane kashi.

Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka ya shafa, kuma Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a shekarar 2021. Duk mai niyyar sare babbar bishiya, ko yin sara a gandun daji na gwamnati, ya fara tuntuɓar malamin daji a sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa, ya kuma sanar da mai unguwa.