Makafi da Tufkar Igiya a Birnin Shehu

A yau idan aka ambaci makaho ko gurgu a Sakkwato, abin da ke fara zuwa zukatanmu shi ne ƙoƙon bara a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Alhali kuwa idan muka waiwayi tarihi za mu tarar waɗannan bayin Allah suna da sana'o'insu, da shugabanninsu, da hanyar da suke koyar da junansu.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin a 1809, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa. A ciki ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya raya masu sana'a, kamar maƙera da maɗinka da marina. A irin wannan gari na jima da dukanci naƙasassu suka sami gurbinsu. Kamar sauran biranen ƙasar Hausa, akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowanne yana sasanta mutanensa, yana karɓar baƙonsu.

Sana'ar da aka fi sanin makafi da ita ita ce tufka. Da yatsu ake gane kyan rama, da su ake jin inda igiya ta yi sako-sako, don haka rashin ido bai hana komai ba. Wanda ya makance da girmansa yakan zauna gaban wanda ya riga shi, har hannunsa ya faɗa. Kasuwa kuwa tana nan, domin mai guga da mai jaki da mai turke duk sai da igiya.

Bayan tufka akwai hadda. Makafi sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa waƙoƙin wa'azi, suna rera su gida-gida, har matan kulle suka haddace. Mu marubuta ya kamata mu fi kowa tuna wannan, domin Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, kuma da bakin makafi waƙarsa ta karaɗe ƙasar Hausa.

Zuwan Turawa ya kawo wani salo. Wajen 1937 mishan ta SIM ta karɓi kula da zangon kutare na Amanawa, kusa da Sakkwato, inda ake haɗa magani da aikin gona. A 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1981 ta zama shekarar naƙasassu, sannan a 2019 Nijeriya ta sami dokar da ta hana nuna musu bambanci. Duk wannan ci gaba ne, sai dai makarantun sun fi karkata ga yara. Magidancin da ciwo ya kama a shekara arba'in ba shi da ajin da zai shiga.

A daidai wannan zamani igiyar roba ta cika kasuwa da araha, ta karya ta rama. Da ciniki ya mutu, sai koyarwa ta bi shi, domin babu mai ɓata watanni kan abin da ba zai ciyar da iyali ba. Bara da take taimako a gefe sai ta koma ita ce sana'ar.

Saboda haka muna kira ga hukuma da masu hali da ke son koya wa manyan naƙasassu aikin hannu, su fara da tambayar abin da ake saye a kasuwa yau, ko jakar fata ne, ko takalmi, ko hula. Su bi ta hannun sarakunan naƙasassu, su damƙa kowane ɗalibi ga maigida a cikin dukawa ko maɗinka, maimakon taron mako biyu da rabon takardar shaida. Mu kuma marubuta mu ɗauki rakoda mu je wurin tsofaffin makafi, mu naɗi waƙoƙin da ke kansu tun suna raye.