Likitar da ta tayar da tsofaffi daga gado

Masu jinyar tsofaffi a Ingila suna tsoron doguwar kwanciya kamar yadda suke tsoron cuta. Wannan tsoron ya samo asali ne daga aikin Dakta Marjory Warren.

A 1935 aka danƙa mata majinyata 714 a wani tsohon gidan gajiyayyu da asibitin West Middlesex ya gada a yammacin Landan. An riga an yanke ƙauna da yawancinsu. Tsufa ne, in ji likitocin zamanin, sai a ba su gado da abinci a jira ajali. Warren ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba su, abin da ba a saba yi ba. Ta ware masu shanyewar ɓarin jiki da masu gigin tsufa, ta kuma tarar da waɗanda kwanciyar ce kawai ta sandarar musu da gaɓoɓi. Ta sa aka gyara haske, aka sake fenti, aka koya wa mutane takawa da sanda. Da dama sun koma gida da ƙafafunsu. Rubuce-rubucenta na 1943 da 1946 suka share fage, a 1947 aka kafa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Birtaniya, tana cikin waɗanda suka assasa ta.

Amurka ta bi wata hanya daban. Dokar fansho ta 1935 ta hana biyan mazauna gidajen gajiyayyu na gwamnati, sai 'yan kasuwa suka buɗe nasu, kuma kuɗin Medicaid, shirin gwamnati na biyan kuɗin jinyar marasa ƙarfi, ya ƙara yawan gidajen bayan 1965. Gadaje suka yawaita, kulawa ta yi ƙaranci. Ya zama ruwan dare a ɗaure tsoho a kujera wai don kada ya faɗi, ko a ɗirka masa maganin barci don ya daina kiran ma'aikata. Abin takaici ne a ce sai a 1987 majalisa ta yi dokar da ta hana ɗaure mutum don kawai sauƙaƙa wa ma'aikata aiki.

Sai batun magunguna, wanda har yau yake ci wa masu sana'ar tuwo a ƙwarya. A 1991 Dakta Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da illarsu ga mazauna gidajen tsofaffi ta fi amfaninsu. Ƙwaya ta jawo jiri, jiri ya jawo faɗuwa, ƙugu ya karye, tsoho ya koma gadon da Warren ta yi fama ta fitar da shi daga ciki. An sabunta jerin a 2023.

Mai karatu, in kana da tsoho a gida yana shan magani kala-kala, tattara su duka ka kai wa likita ya duba waɗanda za a iya dainawa.