Wa ke ƙidayar masu saurare? Yadda ake auna shirye-shiryen safe na rediyo a yau

 Kusan kowace tasha kuka murɗo za ku ji ana cewa "mu ne na ɗaya", "mu aka fi saurare". To wa ya ƙidaya? Eriyar FM dai watsawa kawai take yi. Ba ta san akwatin wa ya kama ba, ba ta kuma san ko mutum guda ne ke ji ko mutum 20 ne a fada ana dafa shayi ba. Shi ya sa muka tattaro muku bayani a kan yadda ake wannan awo a ƙasashen da ya zama sana'a, da abin da ya shafe mu a ciki.

Me ya sa shirin safe ya fi daraja

Gidan rediyon kasuwanci da kuɗin talla yake rayuwa. Mai talla kuwa kunnuwa yake saye, kuma ana yi masa lissafin farashi ne a kan kowane mutum 1,000 da tallar za ta kai gare su. A Turai da Amurka, lokacin da jama'a suka fi taruwa a kan rediyo shi ne safiya, daga ƙarfe 6 zuwa 10, ana shirin lakwal, ana karin kumallo, ana cikin mota za a tafi aiki. Saboda haka minti guda na talla da safe ya fi na dare tsada nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, wanda ya kama tasha da safe sau da yawa nan yake barin akwatinsa har rana ta take.

Ga misali daga Birtaniya. Shirin safe na tashar Heart, wanda Jamie Theakston da Amanda Holden ke gabatarwa, shi ne mafi girma a cikin na ƴan kasuwa, yana da masu saurare wajen miliyan 4 a mako. Shi kuwa Chris Evans, lokacin da yake shirin safe a BBC Radio 2 yana da wajen miliyan 9. A watan Janairu na 2019 ya koma Virgin Radio, tashar kasuwanci da ba ta kan FM, kuma awon farko ya ba shi miliyan 1 da ɗan ɗoriya. Kun ga ke nan, jama'a na son muryar mai gabatarwa, amma sabo da tasha da sauƙin kama ta su ma suna da nasu ƙarfin.

Ba kowa ake tambaya ba

Mai sayen wake a kasuwa ba ya ƙidaya ƙwaya. Hannu yake sokawa cikin buhu, ya ɗebo daga sama, tsakiya da ƙasa, ya duba, sannan ya yi ciniki. Haka masu awo ke yi. Suna zaɓo wasu mutane da suka yi kama da ƙasar baki ɗaya, maza da mata, yara da manya, na birni da na karkara, su tambaye su, sannan a faɗaɗa amsar ta hau kan kowa.

Don haka duk adadin da kuka ji ƙiyasi ne. Idan mutum 1,000 aka tambaya, kuma an zaɓo su yadda ya kamata, amsar na iya kaucewa da kashi 3 cikin 100, sama ko ƙasa. Tashar da ta samu kashi 21 da wadda ta samu kashi 19 a irin wannan awo, gaskiyar magana kunnen doki suka yi. Idan kuwa daga saman buhu kawai aka ɗebo, to ko mutum nawa aka tambaya, cinikin ya ɓaci.

Ma'auni uku da ake rikita su

Na farko shi ne yawan mutanen da suka ji shirin ko da na ɗan lokaci ne, a rana ko a mako. Na biyu shi ne tsawon lokacin da kowa ya yi yana ji. Na uku shi ne kaso, wato rabon da tasha ta samu daga cikin dukan mintocin da jama'a suka yi suna sauraren rediyo.

A ce a wani gari tashoshi biyu ne. Ta farko mutum 100 suka kama ta, kowa minti 10, ya ji labarai ya kashe. Jimla minti 1,000. Ta biyu mutum 40 ne, amma kowa awa guda ya yi. Jimla minti 2,400. A yawan mutane ta farko ce a gaba. A kaso kuwa ta biyu na da wajen kashi 71, ta farko 29. Dukansu za su fito su ce "mu ne na ɗaya", kuma babu wadda ta yi ƙarya.

Birtaniya: littafin mako

Can hukumar awon ana ce mata RAJAR. An kafa ta a 1992, kuma BBC da gidajen rediyon kasuwanci ne suka mallake ta tare, don kowa ya yarda da mudu ɗaya. Ana ba mutum littafi, na takarda ko na cikin waya, an raba kowace rana minti 15-15. Mako guda zai yi yana nuna tashar da ya ji na aƙalla minti 5 a kowane gurbi. Ana fitar da sakamako duk bayan wata 3, kuma ƴan shekara 15 zuwa sama ake lissafawa.

Raunin wannan hanya mantuwa ce. Wani sai dare zai cika littafin, ya rubuta tashar da ya fi sanin sunanta. A 2020 cutar korona ta hana shiga gidaje, aka dakatar da awon. Da aka dawo a 2021 sai aka haɗa littafin da wata manhajar salula mai gane tashar da ake ji a kusa da ita.

Faransa: kiran talho

Kamfanin Médiamétrie, wanda aka kafa a 1985, shi ke awon Faransa. Ana kiran mutane ƴan shekara 13 zuwa sama a waya, a bi da su awa 24 da suka wuce daki-daki: wace tasha, ƙarfe nawa. An daɗe ana kiran binciken "126 000 Radio", saboda yawan mutanen da ake tambaya a shekara. Maki guda a wannan awo ya haura mutum 500,000, shi ya sa faɗuwar rabin maki ke hana shugabannin tasha barci.

A 2016 an yi rikici. Mai shirin safe na Fun Radio, Bruno Guillon, ya riƙa jan hankalin masu saurarensa a kan iska cewa idan masu binciken sun kira, su amsa, su ambaci tasharsa. Sauran tashoshi suka yi ƙorafi, aka cire Fun Radio daga sakamakon na wani lokaci.

Amurka: na'urar da ke ji da kanta

A 2007 kamfanin Arbitron ya fara aiki da wata ƴar na'ura mai suna PPM a biranen Filadelfiya da Hustan. Kamfanin Nielsen ya saye Arbitron a 2013, kuma yau ana amfani da na'urar a manyan birane 48, sauran wurare kuma littafi. Kowace tasha na saka wata alama a cikin sautinta wadda kunnen mutum ba ya ji. Na'urar, da ake ratayawa ko a ɗaura a hannu, ita ke jin alamar ta rubuta tasha da lokaci.

Da aka fara sai aka gano mutane na jin tashoshi da yawa fiye da yadda suke rubutawa, amma ba sa daɗewa a kan kowace. Ita ma tana da nata aibin. Rediyon kanti ko na taksi duk lissafa shi take, ko da hankalinka ba ya wurin. A 2008 kuma jihohin New York da New Jersey suka kai Arbitron kotu, bisa zargin cewa baƙaƙen fata da masu jin Sifaniyanci ba su samu isasshen wakilci cikin masu ɗauke da na'urar ba, abin da ke rage wa tashoshinsu talla. An sasanta a farkon 2009, kamfanin ya amince ya gyara yadda yake zaɓo mutane.

Wani abin lura: daga farkon 2025 Nielsen ya rage sharaɗin lissafi a biranen PPM daga minti 5 zuwa minti 3. Adadin masu saurare ya tashi, alhali mudun ne aka canza.

To intanet fa?

Idan kuna jin mu ta intanet daga ƙasar waje, kwamfutar da ke aiko sautin ta san waya nawa ta haɗu da ita, daga wace ƙasa, na minti nawa. Wannan ƙidaya ce ta gaske, amma wayoyi take ƙidayawa. Waya guda a ɗakin ƴan ci-rani na iya zama kunnuwan mutum 10. Shirin da aka tura ta WhatsApp ko aka zuba a katin waya, daga nan sawunsa ya ɓace. Yawan masu bin shafin Facebook shi ma ba yawan masu saurare ba ne. Saboda haka ƙasashe irin su Ostiraliya, tun 2023, suke haɗa littafi, lissafin intanet da agogon hannu mai jin sauti, su fitar da adadi guda.

Yadda abin yake a wajenmu

A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci akwai binciken Africascope na kamfanin Kantar. Ido da ido ake tambayar mutane, amma a manyan birane irin su Dakar, Abijan, Bamako, Wagadugu, Duwala da Kinshasa. A Nijeriya, Gana da Kenya kuma kamfanin GeoPoll na tambaya ta saƙon salula. Wannan sai mai waya, mai caji, mai iya karatu.

Nan ne maganar ta zo kanmu. A Nijar sama da kashi 80 cikin 100 na jama'a a karkara suke. Manomin da ya rataya akwatinsa a reshen gawo yana noma, da uwar gida da ke ji tana daka, da makiyayin da ke bakin rijiya, su ne ƙashin bayan rediyo. Duk awon da ya tsaya a birni ko a saƙon rubutu, su ne zai tsallake. Wanda ba a lissafa ba kuwa mai talla ba ya ganinsa. Kuɗin sai su tsaya a tashoshin birni, har sanarwar rigakafi ko ta irin shuka na iya bin wannan hanya idan masu ba da ita da alƙaluman birni suka yi aiki.

Jin ta bakin mai saurare ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda ake taruwa a ƙauye a ji shiri, a tattauna, a naɗi muryoyi, a aika rahoto Yamai. Da rediyon al'umma ya fara a Bankilare a 1999, kulob ɗin masu saurare suka ci gaba da wannan aiki. Su, da kiran waya, da katin gaisuwa, suna gaya mana abin da ke ran jama'a. Sai dai ba sa ba da adadi. Duk mai aiki a sitidiyo ya san muryoyin nan da ke kira kullum. Mai kiredi ne ke kira. Mata da dama da ke ji tun asuba ba su taɓa bugowa ba.

Tambayoyi huɗu kafin ku yarda

Duk ranar da kuka ji wata tasha, ta kusa ko ta nesa, ta ce ita ce kan gaba, ku tambaya: wa ya yi awon, tashar ce da kanta ko wani da ba ruwansa? Mutum nawa aka tambaya, kuma a ina, an shiga ƙauyuka, an ji ta bakin mata? Wane ma'auni ake nufi, yawan mutane, tsawon saurare ko kaso? Yaushe aka yi shi, da damina ko da rani? Don kun sani, safiyar manomi a watan Agusta daban take da ta watan Maris.

Idan kuma masu bincike suka zo ƙauyenku ko suka kira wayarku, ku faɗi abin da kuka ji jiya tsakani da Allah, ko da ba tasharmu ba ce. Kada a bar mai gida shi kaɗai ya amsa wa kowa. A bar uwar gida ta faɗi nata, samari da ƴan mata su faɗi nasu. Amsar mutum guda a irin wannan bincike tana tsaya wa ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, da ba a samu zuwa wurinsu ba.