Majinyacin da ya yi shiru bayan rauni a ka, yana jin mu kuwa?

Nan Adar ba baƙon abu ba ne: ɗan kabu-kabu ya faɗi bisa hanyar Ƙonni, ko mota ta kife tsakanin Tawa da Abalak, mutum ya bugu a ka. Bayan makonni ya buɗe ido, yana numfashi da kansa, amma ko an kira sunansa ba ya amsawa. Sai ka ji ana cewa, "Ai wanga ya tafi, gangar jiki ce ta rage."

Likitoci ma sun daɗe bisa wannan zato. A 1972 Bryan Jennett da Fred Plum sunka bayyana wannan hali a matsayin farkawa ba tare da alamar sani ba. A 1974 anka fito da ma'aunin Glasgow, wanda har yau ake auna zurfin suma da shi: buɗe ido, magana, motsi. Duka dai abin da jiki ya nuna ake dubawa. To, in hankali na nan amma jiki ya ƙi bin umarni fa?

Amsa ta fara fitowa a 2006, a Cambridge ta Ingila. Wata mata 'yar shekara 23 ta yi wata biyar ba ta amsa kowa bayan haɗarin mota. Adrian Owen da abokan aikinsa sunka sa ta cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, wadda muke kira IRM, irin mai nuna inda jini ke ƙaruwa in wani sashe ya kama aiki. Anka ce mata ta raya a zuci tana buga ƙwallon tenis, sai sashen tsara motsi ya haska. Anka ce ta raya tana zagaya ɗakunan gidansu, sai sashen gane wurare ya haska, daidai da na masu lafiya. Ashe tana ji, tana fahimta.

A 2010 masanan Cambridge da na Liège ta Beljiyam sunka gwada majinyata 54, biyar sunka amsa. Ɗayansu har tambayoyi ya amsa: tenis na nufin "i", zagayen gida na nufin "a'a", ko akasin haka, ya kuma dace a biyar cikin shida. A 2024 wani babban bincike ya haɗa IRM da awon lantarkin ƙwaƙwalwa: cikin mutum 241 da ba su amsa umarni da jiki, 60 sun amsa da ƙwaƙwalwa. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan.

Amma mu yi hattara. Sauran uku cikin huɗu ba su nuna komai ba, kuma amsawar ba alkawarin warkewa ba ce. Hoton sikana da aka saba yi bayan haɗari jini da karaya yake nunawa, ba ya faɗin ko mutum na ji.

Abin da ke hannunmu ba ya buƙatar na'ura. Mu yi wa majinyaci sallama, mu faɗa masa wa ya zo. Kada a yi zancen gado ko likkafani a kansa. In mai jinya ya ga idonsa na bin mutum, ko ya matse hannu in an ce ya matse, ya gaya wa likita, don irin wannan alama kan zo ta ɓace kafin likita ya zagayo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare matafiya.