Sandar Hawa da Abin Tsattsaga a Ɗakin Rainon 'Yan Tsaki

A Mararaban Rido, da ke Ƙaramar Hukumar Chikun a kan hanyar da ta tashi daga Kaduna ta nufi Kachia da Kafanchan, kiwon kajin gidan gona sana'a ce ta bayan gida, kamar yadda take a sauran unguwannin gefen birnin. 'Yan tsakin ma ba sai an je nesa neman su ba, domin a cikin wannan ƙaramar hukuma, kan hanyar Abuja, kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da wurin ƙyanƙyasa a watan Satumban 2017. Wanda ya sayo kwalin 'yan kwana ɗaya, guda 50 ko 100, abu uku ke gabansa: ɗumi, abinci da rigakafi.

Akwai na huɗu da ba kasafai ake tunawa da shi ba, wato abin da ɗan tsako zai yi da bakinsa da ƙafafunsa daga safe zuwa dare a cikin da'irar kwali ko langa-langa wadda ba ta da komai sai mazubin abinci da na ruwa. Masana kiwo suna kiran wannan wadata muhalli: samar wa tsuntsu abin hawa, abin tono da wurin birgima. Illar rashinsa ba ta bayyana a makon farko. Sai an ci buhunan abinci, kaji sun tasa, sannan mai kiwo ya tarar da su suna fizgar gashin juna, ko suna zubar da ƙwai a ƙasa.

Asalin ɗabi'ar

Kazar gida ta samo asali ne daga jar kazar daji ta kudu maso gabashin Asiya, wadda ke yini tana tone-tone, da magariba ta hau bishiya ta kwana don guje wa namun daji. Duk wanda ya ga kajin Hausa suna ɗarewa katanga ko reshen mangwaro da faɗuwar rana ya ga ragowar wannan hali. Ɗan tsakon da inji ya ƙyanƙyashe ba shi da uwa da za ta nuna masa, amma halin yana jikinsa, kuma tsakanin makon farko da na biyu yakan fara gwada hawa duk abin da ya ɗara ƙasa tsawo.

Muhimmin abu shi ne lokaci. Binciken da Stefan Gunnarsson da abokan aikinsa suka gudanar a ƙasar Suwidin, suka wallafa a 1999, ya nuna cewa garkunan kajin ƙwai da suka samu sandar hawa kafin su cika mako huɗu sun fi ƙarancin yin ƙwai a ƙasa, kuma sun fi ƙarancin saran juna a dubura. Wani gwajin nasu na shekarar 2000 ya gano cewa waɗanda aka hana sanda har mako takwas ba su kai takwarorinsu iya tsalle zuwa wuri mai tudu ba, ko bayan an ba su damar koyo. Hawa yana ƙarfafa ƙashi da tsoka, yana kuma koya wa tsuntsu auna tazara. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta mayar da batun doka: ƙa'idarta ta 1999, wadda ta haramta tsofaffin kejin ƙarfe marasa komai daga farkon 2012, ta wajabta wa kowace kazar ƙwai santimita 15 na sanda.

Wannan ya shafi mai kiwo a Kudancin Kaduna kai tsaye, domin yawancin ƙananan masu kiwo a ƙasa suke tsare kajinsu, a kan dusar katako, ba a keji ba. Kazar da ba ta koyi hawa ba ba za ta nemi akwatin ƙwai da aka ɗaga sama ba. Ƙwan da aka yi a kan shimfiɗa kuwa yakan ɓaci da kashi ko ya fashe, kuma da zarar kaza ta ɗanɗana fasasshen ƙwai, raba ta da shan ƙwai aiki ne.

Yadda ake kafa sandar

Ba ta buƙatar kuɗi. Gora siririya ko guntun katako da aka goge gefensa, mai kaurin kamar ɗan yatsa, ya isa 'yan tsaki. A ɗora shi a kan bulo ko guntayen katako, tsayin santimita 5 zuwa 10 daga shimfiɗa, tun daga ƙarshen makon farko, a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan tare da musanya shi da mai kauri yayin da suke girma. Bututun roba ko na ƙarfe mai santsi bai dace ba, ƙafa ba ta kama shi. Dole sandar ta tsaya daram, don wadda ke juyawa tana iya danne ɗan tsako, kuma kada ta ratsa ta saman abinci ko ruwa, saboda kaji sun fi yin kashi a inda suke hutawa.

Ɗumi ne ke gaba da komai. A makon farko 'yan tsaki na buƙatar zafin da ya kai digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos, ana rage kimanin digiri 3 kowane mako. A darare masu sanyi na hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ya kwana a kan sanda nesa da wuta zai iya kamuwa da sanyi, don haka a kafa ta inda ɗumi ke kaiwa. Masu amfani da kurfoti na gawayi ko fitilar kananzir kuma su kula da ɗaya ɓangaren: sanda kusa da wuta tsani ce zuwa ga garwashi. Da sun fara hawa, bangon da'irar ma ya zama gajere.

Ba dukan kaji ne hukuncinsu ɗaya ba. Kajin ƙwai, irin su ShikaBrown da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya ta samar, da kajin Noila da na gida, su ne suka fi amfana da sanda. Kajin nama, waɗanda ake yawan sayowa a Oktoba da Nuwamba domin kasuwar Kirsimeti, kan kai kilo biyu cikin mako shida, nauyinsu ya rinjayi ƙafafunsu. Su abin da ya fi musu shi ne ɗan dandamali mai faɗi, maras tsawo, da gangara ta hawa. Dirowar irin wannan kaza daga sama karaya ce ko gurguntaka.

Baki da aikinsa

Bayanin da masana da dama suka fi karkata gare shi game da fizgar gashi shi ne cewa tsattsagar ƙasa ce ta rasa inda za ta sauka, ta koma kan jikin 'yar'uwa. Cunkoso, zafi, haske mai ƙarfi da ƙarancin sinadaran gina jiki ko gishiri a abinci duk suna ƙara rura ta, kuma da jini ya fito, sauran sukan taru a kan mai raunin har su kashe shi. Maganin da aka saba da shi a gonaki shi ne datse baki. Yana rage ɓarna, amma yana da zafi, kuma bai taɓa tushen matsalar ba.

Abu na farko shi ne shimfiɗa busasshiya da za a iya tonawa: dusar katako mai manyan ɓarɓashi ko ɓuntun shinkafa. A kwanakin farko ana rufe ta da takarda a barbaɗa abinci a kai, don kada su cika cikinsu da katako. Daga mako na biyu ana iya ajiye faranti mai faɗi na busasshen yashi domin birgima, wadda ke rage maiƙon gashi da ƙwari, a kuma rataya damin ganyen zogale, alayyahu ko kabeji daidai kansu. Ganye ƙari ne, ba madadin abincin 'yan tsaki ba, kuma wanda zai ci ganye yana buƙatar 'yan ƙananan tsakuwa da ƙundunsa zai niƙa da su. Zare, leda da guntun buhu masu warwarewa haɗari ne: ana haɗiye su, suna kuma naɗe ƙafa. Madubi da ƙararrawa da ake gani a hotunan intanet sun fi faranta wa mai kajin rai.

Duhu ma buƙata ce. Barin fitila dare da rana na taimaka musu gano ruwa da abinci a kwanakin farko, amma bayan haka suna buƙatar sa'o'in barci. A Denmak an gwada wata rumfa mai ɗumi da labule, wadda ke kwaikwayon ƙarƙashin fiffiken uwa, aka ga 'yan tsakin da suka tashi da ita sun fi ƙarancin fizgar gashi da suka girma.

Ƙofar cuta

Duk abin da aka shigar ɗakin raino yana iya shigowa da cuta. A Jihar Kaduna ne, a yankin Jaji, aka fara tabbatar da ɓullar mummunar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka a watan Fabrairun 2006, kuma reshen da aka saro daga bishiyar da tsuntsaye ke kwana, ko ƙasar da aka kwaso daga tsakar gidan da kajin Hausa ke yawo, na iya ɗauke da ƙwayoyin wannan cuta, ko na Niyukasil, ko na koksidiyosis mai sa kashin jini. A ɓare ɓawon reshe, a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanya shi a rana. Yashi kuwa a gasa shi a kasko, a bari ya huce.

A yankin Kafanchan da Kagoro, inda damina ke da tsawo da yawan laima, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce babbar abokiyar gaba, don a cikinta koksidiyosis ke haɓaka, warin kashi kuma ya taba idanu da numfashi. Wurin da ke ƙarƙashin sanda shi ne ke fara jiƙewa, sai a riƙa kwashe shi a zuba sabo. Tsagar gora da mahaɗar katako maɓoya ce ta ƙananan ƙwari masu fitowa da dare su sha jinin kaji, saboda haka ana duba su da fitila bayan duhu ya yi. Idan an kwashe garke ɗaya, sandunan gora da na reshe ƙona su ake yi, a saro sababbi kafin kwalin gaba ya iso.