Adon Isfahan da ya riga masana lissafi

Yau za mu faro ne daga birnin Isfahan na ƙasar Iran, inda a shekara ta 1453 magina suka ƙawata hubbaren Darb-i Imam da zanen taurari masu tsini goma-goma.

To, me ya haɗa adon bango da kimiyya? Duk mai shimfiɗa tayil ya san cewa mai kusurwa huɗu, ko shida irin na saƙar zuma, yana rufe daɓe ruf. Mai kusurwa biyar kuwa sai ya bar giɓi. Da wannan hujja masana suka daɗe suna cewa ƙwayoyin zarra na gishiri ko ƙarfe ba sa jeruwa a tsari mai fuska biyar, kuma dole jerin ya riƙa maimaita kansa.

A shekarun 1970 masanin lissafi Roger Penrose na Ingila ya nuna cewa tayil iri biyu kacal sun isa su rufe fili da tsarin da ba ya maimaituwa. Sai ga shi a 1982 Dan Shechtman, ɗan Isra'ila mai bincike a Amurka, ya hango irin wannan tsari cikin gaurayen alminiyam da manganis. Ya sha ba'a, har shugaban rukuninsu ya nemi ya bar su. Linus Pauling, mai lambar Nobel biyu, bai yarda da shi ba har ya mutu a 1994. Amma a 2011 Shechtman ya karɓi tasa lambar.

Mu koma Isfahan. A 2007 Peter Lu da Paul Steinhardt suka bayyana a mujallar Science cewa adon hubbaren ya yi kusan daidai da tsarin Penrose, wato shekaru 500 kafin shi. Maginan sun yi aiki da siffofi biyar, suna rarraba manya zuwa ƙanana masu kama da su. Har yanzu masana na muhawara kan ko sun san lissafin, ko kuwa ido da hannu ne suka kai su. A 2009 kuma aka samu tsarin a wani dutse daga Rasha, wanda daga bisani aka gano daga sararin samaniya ya faɗo.

A nan za mu dasa aya. A huta lafiya.