Tarihin Ƙyallen Kayit Mai Ja: Me Ya Sa Ba A Wanke Shi Kamar Riga?

Yau tarihin ƙyalle za mu bi, ƙyallen da ake ɗinka kayit mai ja da shi.

Kowa ya san kayit ɗin da yara ke haɗawa da leda da tsinken tsintsiya. To akwai babban yayansa, wanda faɗinsa kan kai murabba'in mita 3, ko 9, ko 12, har ya fi haka. Idan iska ta cika shi, yana jan ƙato a kan ruwa ko rairayi ko ƙanƙara, yana ma iya ɗaga shi sama. Masu wannan wasa suna da wata doka da ke ba baƙo mamaki: idan ƙyallen ya yi tabo, ba a sa shi a injin wanki, ba a sa masa bilic, ba a dirje shi da buroshi. Sau da yawa ma barin tabon ake yi. Dalilin wannan doka yana cikin tarihin ƙyallen.

Mu fara daga ƙasar Sin. A can ne tarihi ya fara ambaton kayit, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. An yi shi da gora da siliki, daga baya da takarda. Amma mutumin da ya shahara wajen sa kayit ya yi aikin doki wani malamin makaranta ne a birnin Biristol na Ingila, George Pocock. A 1826 ya yi rajistar wani keke da manyan kayit biyu ke ja, wanda kan yi gudun kusan kilomita 30 a awa. Abin dariya, a lokacin ana karɓar kuɗin hanya ne bisa yawan dawakin da ke jan keke, shi kuwa ba shi da doki ko ɗaya, sai ya wuce abinsa kyauta. A 1903 kuma, Samuel Cody ya tsallaka mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila a cikin ɗan kwalekwale, kayit na jan sa.

Kun ga dabarar ta daɗe. Abin da ya hana ta yaɗuwa kayan aiki ne. Ƙyallen auduga da na lilin suna da nauyi, suna shan ruwa, idan aka ajiye su da danshi su ruɓe. Siliki ba nauyi amma akwai tsada. Sandunan da ke riƙe da siffar kayit ɗin kuma karyewa suke yi da zarar ya faɗo.

Canjin ya zo ne daga ɗakin gwaji. A watan Fabrairun 1935, a kamfanin DuPont na Amurka, ƙungiyar wani masanin kimiyya mai suna Wallace Carothers ta haɗa zaren nailan. Da farko buroshin goge baki da safar mata aka yi da shi. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya shigo. Amurka daga Japan take sayen mafi yawan silikinta, da silikin kuma ake ɗinka laimar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgin sama. Da hanyar ta toshe a 1941, dole aka koma kan nailan. Ranar 6 ga Yunin 1942, wata mata mai suna Adeline Gray ta diro daga jirgi da laimar nailan a jihar Konetikat, ta sauka lafiya.

A wannan zamanin ne aka fito da saƙar da ke tare yagewa. Yadda ake yi shi ne, a cikin saƙa mai laushi, bayan kowane milimita 5 zuwa 8 sai a sa zare mai kauri, a tsaye da a kwance. Shi ya sa idan ka duba ƙyallen da kyau za ka ga ƙananan gidaje kamar na takardar lissafi. Idan ƙaya ta huda shi, yagewar kan tsaya a zare mai kauri na gaba.

Yanzu ga wurin da ya kamata ku riƙe. A 1964, Domina Jalbert, haifaffen Kebek a Kanada da ke zaune a Fulorida, ya nemi rajistar wani fiffike marar sanda ko ɗaya, aka ba shi a 1966. Ƙyalle ne a sama da ƙyalle a ƙasa, an raba tsakaninsu ɗaki-ɗaki, gaban a buɗe. Iska ta shiga ta gaba, ta kumbura ɗakunan, sai abin ya ɗauki siffar fiffiken jirgi. Wato iskar da ke ciki ita ce ƙashin bayansa. Idan kuwa haka ne, dole ƙyallen ya riƙe iska, saƙa kuma komai ƙanƙantarta tana da kafofi. Maganin shi ne a matse ƙyallen tsakanin ƙarafa masu zafi, sannan a shafa masa wani siririn rufi na sinadarin foliyuritan ko silikon. Wannan rufin ne ke sa sabon kayit ƙara kamar sabuwar takardar kuɗi. Ƙyallen gaba ɗaya bai fi giram 40 zuwa 50 ba a kowane murabba'in mita, bai ma kai nauyin takardar da ake buga wasiƙa da ita a ofis ba.

Daga nan sai abubuwa suka biyo juna. A shekarun 1970, Ray Merry da Andrew Jones a Ingila suka fito da Flexifoil, mai igiya biyu da ake tuƙawa. A 1984, 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, suka yi rajistar kayit mai bakin da ake hura wa iska, wanda ba ya nutsewa idan ya faɗa teku. A 1990, Peter Lynn na ƙasar Niyu Zilan ya fito da ɗan keke mai ƙafa uku da kayit ke ja. A 2008, jirgin dakon kaya Beluga SkySails ya tashi daga Jamus zuwa Benezuwela da kayit mai murabba'in mita 160 yana taya injinsa ja. A 2024 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik, aka yi tseren a tekun Marsai na Faransa.

To mu dawo kan tabo. Injin wanki yana murɗa ƙyalle yana gogawa, wannan kuwa fasa rufin yake yi. Garin sabulu mai ƙarfi da ruwan zafi suna cin sa. Bilic yana raunana zaren nailan, ya mai da shi ruwan ɗorawa. Fetur da tina sukan narkar da rufin a wurin da suka taɓa. Za ka ga tabo ya fita fes, amma wurin ya koma rariya. Kayit mai yoyon iska ba ya kumbura sosai, yana wahalar tashi, yana kuma iya naɗewa a sama ba zato. Ga wanda ke rataye da shi nesa da gaɓar teku, ai maganar ta wuce ta kwalliya, ta rai ce. Masu tashi da laima daga kan tsauni har na'ura gare su da ke auna daƙiƙa nawa iska ke ɗauka kafin ta ratsa ƙyallen, idan ta ratsa da sauri a ce ya tsufa.

Saboda haka wankinsa mai sauƙi ne. A shimfiɗa shi a wuri mai tsabta. Idan laka ce, a bari ta bushe a kakkaɓe. Kashin tsuntsu da jini a gaggauta cire su da ruwan sanyi. A yi amfani da soso mai laushi da ruwa mai daɗi, in ya zama dole a ƙara sabulu marar ƙarfi kaɗan, a dangwala a hankali, a ɗauraye sosai. Sai a shanya a inuwa, don hasken rana yana cinye ƙarfin nailan. Gishirin teku ma a ɗauraye shi kafin dogon ajiya, saboda yana jawo danshi, ƙwayoyinsa kuma suna gogar zare. Kada a naɗe shi da laima ko kaɗan: danshi ne ke kawo baƙin fumfuna, shi ne kuma ke sa rufin foliyuritan ya yi danƙo ya fara ɓarewa. Idan fumfuna ko ciyawa ta riga ta rina shi, a haƙura. Tabon ba ya rage masa tashi, dirzar da za a yi a cire shi ce ke ragewa.

Idan kuna da tantin yawo ko rigar ruwa ta nailan a gida, kusan dokar ɗaya ce, don irin wannan rufin ne a jikinsu.

Nan za mu dakata a yau. Ku faɗa mana, a garinku me kuke kiran kayit ɗin yara, kuma da me kuke haɗa shi? Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.